A Duhu Ta San Shi

"Ku kunna fitilar nan!" Surayya ta daka wa ma'aikaciyar jirgin saman tsawa. "Kuɗina na biya, ba alfarma kuka yi mini ba."

"Madam, mun kusa sauka Abuja. Ana rage haske ne don ido ya saba da duhu, ko da wani abu ya faru a ga hanyar fita."

Surayya ta ja tsaki. Tun ranar da ɓarayin tasi suka kashe fitilar mota a hanyar Zuba, suka yi mata ƙarƙaf, suka wurgo ta kan kwalta, ba ta ƙaunar duhu.

Mutumin da ke jikin taga, mai kirkin da ya ɗora mata jaka, ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yar uwa, minti biyar an gama."

Abin da aka ce mata ke nan a tasin. Ta juya. Idonta ya saba, ga karyayyen hancin nan, ga wuyan da ya karkata hagu. Awa guda suna cikin haske ba ta gane shi ba.

Ta damƙe wuyan rigarsa.

"Bar fitilar," ta ce wa ma'aikaciyar. "A kira 'yan sanda su tarye mu. Yau shi ne a motar da ba a fita."