Burkin Motar Katako

Gurrr… ƙwam! Na farka cikin dare, na leƙa, 'yar motata ba ta ƙofar ɗaki. Ba yau ta fara ba.

Da katakon akwatin sabulu da ƙafafun tsohon keke na ƙera ta, shekarar da Gana ta samu 'yanci. Mutanen unguwarmu Sabonjida suka ce tsufa ya taɓa ni. Ba mata, ba ɗa, ita kaɗai gare ni.

Da safe na same ta ta gangara ƙofar Mma Azeta mai koko, wadda mijinta ya rasu bara.

"Baba Tahidu, abin haukan naka ya sake zuwa! In na ƙara ganinsa, itacen girki ne."

Ta miƙo min koko, muka yi ta faɗa har hantsi. Kullum haka.

Na ji tsoron murhunta. Na samo ƙarfe da guntun taya na haɗa burkin hannu, in an ja shi ƙafafun baya su cije. Mota ta tsaya cak. Kwana huɗu ba wanda ya kira sunana.

Ran na biyar na tashi ba mota. Na same ta ƙofar Azeta, burki a jaye, layi biyu sun karce ƙasa tun daga ɗakina. Azeta kuwa tana zaune dafe da ƙugu, ƙoƙo biyu a gabanta.

Maƙwabcinmu Issahaku tela ya dubi ƙasa, ya dube mu.

"To, mota da burkinta, wa ya jawo ta nan?"