Dutsen Wuyan Marigayiya

Ya dangwarar da baƙin dutsen a kan teburin shagon, tsakanin kwalaben man ƙamshi.

"Ga tsiyarki, baiwar Allah. Daga wuyan matata aka ciro shi ranar da ta rasu."

Tsohon malamin kimiyya ne. Ya sha gaya wa marigayiya dutse dutse ne, ko an shafe shi da turare.

Mai shagon ta juya dutsen a tafinta. "Allah ya jiƙanta. Amma wannan ba ya warkar da mai shi, Malam. Ciwon wanda mutum yake jinya yake kwasowa ya zuba wa mai jinyar. Na gaya mata. Ta ce shi take nema, lokacin da likitoci suka cire rai da kai."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Tatsuniya."

"Haka 'yarku ta ce jiya, amma ta sayi irinsa. Wai tarin ya dawo maka."

Ya buɗe baki, sai ya tsaya. Ya ja numfashi har ƙasan ƙirji, sumul. Yau bai yi tari ba.

An dai yi tari a gidan da asuba. Ta bangon ɗakin 'yarsa ya jiyo shi.