Waƙa ta Tara

Malam Iliya ya aza tsohon faifan a kan tebur, ya shimfiɗa takardar da aka buga masa daga intanet a gefensa, ya daidaita su da ɗan yatsa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyara littattafan ɗalibai a Potiskum, har yau jan biro bai bar aljihunsa ba. Da shi ya zagaye jerin waƙoƙin. A faifan tara ne. A takardar, takwas.

Ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti ne a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira, saman wani shagon wayoyi. Mai shi, Tarig, Bahaushen Sudan, shi ne makaɗin gangar ƙungiyar da Al'amin ya yi waƙa a cikinta. Karatun addini ya kawo Al'amin Alƙahira, ya ajiye shi ya rungumi jita. Daga baya ya ware daga abokansa, ya kulle kansa wata shida, ya fito da kundin waƙoƙi nasa shi kaɗai. Ba a cika shekara ba aka tsinci gawarsa a ɗakinsa da ke unguwar Abbasiya. Yanzu, bayan shekara biyar, abokan za su sake fitar da kundin ranar Juma'a.

Wasiƙu uku Malam ya aiko, babu amsa. Sai ya hau jirgi.

"Ina ta tara?" ya tambaya. Tun shigowarsa ƙasa-ƙasa yake magana, kusan raɗa.

"Ma'alish, yi haƙuri, Baba, ai ba waƙa ba ce. Saƙon murya ne wani ya turo masa, ya ɗora a kan jita. Daƙiƙa hamsin na ihu da tsinuwa."

"Hamsin da uku."

Tarig ya murmusa. "Tamam, da uku. Bai taɓa gaya mana ko wane ne ba. Don mutuncinsa muka cire. Ka san Al'amin ne?"

"Ni na koya masa riƙe alƙalami."

Malam ya buɗe jakarsa, ya zaro ƙorafinsa na shafi huɗu, kowace hujja da lambarta. Marigayin da kansa ya jera waƙoƙinsa. Da kansa ya sa wannan a ƙarshe. Wanda ya furta maganar nan yana raye, yana shiga sahun gaba, ana durƙusa masa. Cire muryarsa wanke shi ne, kuma babu wanda ya ba su wannan ikon.

Tarig ya ture takardun ba tare da ya karanta shafi na biyu ba. "Khalas, Baba, an riga an gama. Ka yi masa addu'a kawai."

Nan Malam ya miƙe, ya bugi tebur, muryar da ya yi ta dannewa ta ƙwace masa.

"Wane ne kai da za ka yafe abin da shi bai yafe ba? Ka mayar da ita!"

Hannun Tarig ya tsaya cak a kan na'ura. Ya daɗe yana kallon tsohon. Sannan ya juya, ya lalubo ta tara, ya danna.

Jita ta fara a hankali, sai ga muryar da ta girgiza ɗakin yanzu-yanzu tana fitowa daga lasifika: "Ba ni da ɗa mawaƙi, Al'amin, ko gawarka kada a kawo mini gida."