Ranar da Aka Banke Ni a Filin Saint-Fons

Ina yaro, a filin wasa na garin Saint-Fons, wani ƙato ya banke ni muna atisayen ƙwallon Amurka. Na faɗi rigingine, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Hular kwanona sai warin gumi da roba take yi.

Kocinmu, dattijon da ya tsufa yana horar da 'yan ƙaramar kwalejin garin, ya durƙusa ya tallafe wuyana. Aka zare mini takalmi.

Ya ce, "Kada ka tashi, yarona. Motsa mini yatsun ƙafarka kawai."

Na gwada, shiru. Na shiga kiran Inna a zuci. Can babban yatsa ya motsa, sai dattijon ya fashe da kuka.

Jiya ɗana ya ce zai shiga wasan. Har yanzu ban ba shi amsa ba.