Waƙar Ƙin Sunkuyar da Kai

Kafin wasan yamma Crisanto makaɗi ya iske Amihan a bayan labule tana cin shinkafa.

"Tunda mahaifiyarki ta ƙi ni, mu ɗaura aure a ɓoye. Ba ke ce kullum kike rera waƙar ƙin sunkuyar da kai ba?"

Ta tura masa rabin kifinta.

"Malam, kiɗa kawai kake yi, ba ka saurare. Yarinyar waƙar ba guduwa ta yi ba, tsayawa ta yi a gabansu. Ran Lahadi bayan coci ka zo, ka gaishe da Nanay, mahaifiyata, ka ɗora hannunta a goshinka kamar yadda ake yi wa manya."

"In ta janye hannun fa?"

"Ta janye ɗin. Ina tsaye kusa da kai."