Kwalba ta Sha Bakwai

Ranar Talata da ƙarfe tara na safe, kwalba ta sha bakwai ta fito ja a fuskar kwamfuta.

Farfesa ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Jan na nan. Sha bakwai tana cikin jerin masu lafiya, mutanen da suka ba da jini don a kwatanta da na marasa lafiya. Kore ya kamata ta nuna, kamar sauran.

Ƙuruciyarta duka a kan wannan gwaji ta ƙare. A cikin kowace ƙwayar halittar jiki akwai zaren gado a nannaɗe kamar na keken ɗinki, masana na kiran naɗin kromatin. A jikinsa akwai ƙananan alamomi masu cewa a buɗe nan, a rufe can. Farfesa ta gano cewa ciwon daji yakan hargitsa alamomin tun mutum bai ji komai a jikinsa ba, kuma ɓurɓushinsu na zuba cikin jini. Ranar Juma'a za ta tsaya gaban kwamitin da zai yanke ko a kai gwajin asibitoci ko a rufe aikin. Gwajin da ke laƙa wa mai lafiya ciwo kuwa, ba wanda zai sa masa hannu.

Mutum ɗaya ne ya san jinin wa ke cikin wace kwalba: mataimakinta, Dogo. Ita ta kafa dokar da kanta, cewa mai karanta sakamako ba ya sanin mai jini, don kada son zuciya ya shiga aiki.

"Dogo, me ya sami sha bakwai?"

"Zan sake gwadawa, ranki ya daɗe."

Bai ɗago ya dube ta ba. Akwai filasta a babban yatsansa, sai juya shi yake.

Ya sake gwadawa, ja. Ya kuma, ja. Da can Dogo ba ya shiga ɗakin bincike sai da barkwanci, yanzu ya yi tsit. In ta shigo ya fita, in ta juya ta kama shi yana kallonta. Ta tuna cewa wata cibiya da ke gasa da su ta taɓa yi masa tayin aiki. Ɗigo ɗaya na jinin mara lafiya a kwalbar mai lafiya ya isa ya rusa komai, sannan ya kwashi dabarar ya kai can.

Da ya tafi cin abincin rana, ta sa safar hannu ta buɗe firiza. Ta bi kwalaben marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, ko an ɗebi wani abu. Duk a rufe suke yadda aka kawo su. A can ƙasa akwai akwatin tarkace, inda ake jefa ragowar jinin koyar da ɗalibai, har da wanda ita ma ta miƙa hannu aka ɗiba watan jiya. Wannan bai shafi binciken ba, ba ta taɓa shi ba. Da ta zare safar, zobenta ya biyo ta ya faɗi ƙasa. Ta ɗauka ta mayar da shi yatsan tsakiya, tunda ya yi wa yatsan da ta saba sa shi yawa.

Ranar Laraba ta hango Dogo a wurin ajiye motoci tare da ƙanwarta, Auta, kai a haɗe. Suna ganinta suka yi shiru.

A gida Auta ta ajiye mata faranti ta tsaya a kanta.

"Yaya, kin bar abincin jiya, kin bar na shekaranjiya. Kyanwar maƙwabta har ta yi wuya."

"Aiki ne. Me kuke ƙullawa da Dogo?"

"Gaisawa muka yi. Yaya, ki raka ni asibiti mana, cikina ke damuna. Tunda mun je, sai a ɗauke mu hoto mu biyu."

"Ke mai cin rabon mutum uku, ina cikinki zai zauna lafiya?"

Auta ba ta yi dariya ba. Farfesa ta lura da wannan ma. Ashe har gidanta Dogo ya biyo ta, yana so a ɗauke mata hankali ana jibi kwamiti.

Ranar Alhamis ta kira shi ofis ta rufe ƙofa.

"Yau na karya dokata. Ko ka gaya min abin da ka zuba a sha bakwai, ko gobe in kai sunanka gaban kwamiti."

Dogo ya dubi filastar.

"Ban zuba komai ba, ranki ya daɗe. Ta ainihin ce ta suɓuce min ta fashe ranar da nake liƙa lambobi. Na ji kunyar faɗa. Sai na cike gurbin da jinin wanda nake da tabbacin lafiyarsa ƙalau."

"Daga ina?"

"Akwatin ƙasa."

Ta miƙe ta je firiza, ta durƙusa, ta jawo akwatin tarkace, ta share ƙanƙarar da ke kan murfin. Kwalaben ɗalibai na nan a jere. Gurbi ɗaya ne babu komai, wanda ta rubuta sunanta a gefensa da hannunta.

Ranar Litinin hoton asibiti ya nuna ƙari na ciwon daji kamar ƙwayar wake a hanjin Farfesa. Gwajin bai yi kuskure a kwalba ko ɗaya ba.