Ƙyallen da ke Hannun Jakar Baba

Ranar da Baba zai karɓo jakarsa ta aikin Hajji, ni ya goya a babur daga ƙauyenmu zuwa Funtua. Shagon ejan ɗin da ke shirya masa tafiyar cike yake da warin sabuwar roba. An jibge jakunkuna korra, duk iri ɗaya, har sun kusa taɓa rufi.

Baba ya ce wa ejan, shi fa kakansa da ƙafa ya je Makka, sai da ya yi shekaru kafin ya dawo.

Ejan ya yi dariya. "Alhaji, wancan zamani ya wuce. Jirgi, masauki, abinci, duk namu ne. Kai dai kawo kanka. Mu za mu kai ka, mu dawo da kai."

Baba ya ɗauki jaka guda, ya dubi sauran. "To, ta yaya zan gane tawa?"

Bai jira amsa ba. Ya ce, "Uwata, matso." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya sa haƙori ya yagi gefen kallabina ja, ya ɗaure a hannun jakar. Na yi ta kumbura baki, domin kallabin sabo ne.

Da ƙyallen nan muka gane jakar, ranar da ejan ya kawo ta gida shi kaɗai, da labarin rasuwar Baba a can.

Yanzu ina wuce shagunan masu shirya Hajji da Umara kullum. Ba na jin haushinsu, ba na jin komai. Kawai dai idan zan yi tafiya, ba na ɗaura wa jakata alama.